Tarihin Wankin Hanji Kafin Leƙensa, da Matsalar Majiyyatan da Ke Kwance a Asibiti

A cikin ayyukan likitanci na wannan zamani akwai wani bincike da ake kira kolonoskofi, watau leƙen babban hanji. Yadda ake yinsa shi ne a zura wata doguwar na'ura mai lanƙwasuwa, mai kauri kamar na yatsa, ta dubura, a bi da ita sannu a hankali har ƙarshen babban hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi. A bakin na'urar akwai fitila da 'yar kyamara, saboda haka likita yana ganin bangon hanjin a kan allo. Ta haka ake gano inda jini ke zuba, da gyambo, da 'yan tsiron nama waɗanda in an ƙyale su wasunsu kan rikiɗe su zama sankara. To, amma kome ingancin na'urar nan, ba ta ganin abin da najasa ta rufe. Dole ne a wanke hanjin sarai tukuna.

Wannan takarda za ta bi tarihin wankin nan tun daga asalinsa. Abin da muke so mu nuna shi ne, masana sun samo maganin da ya dace tun shekarar 1980, amma har wa yau majiyyacin da ke kwance a asibiti, ga likitoci ga ma'aikatan jiyya kewaye da shi, ya fi wanda ya zo daga gidansa shiga ɗakin bincike da hanji mai datti. Dalilin wannan kuwa yana da abin da ya shafi masu nazarin harshe da masu koyarwa.

Lokacin da wankin ciki yake magani

Shekaru dubbai mutane suna wanke cikinsu ba tare da nufin ganin kome a ciki ba. Wankin shi kansa shi ne maganin. Takardar likitancin nan ta Masar da ake kira ta Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, tana ƙunshe da haɗe-haɗen magungunan zawo da na ɗurawa ta dubura. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ba da labarin cewa Misirawa kan wanke cikinsu kwana uku a jere kowane wata, don sun ɗauka cututtuka daga abinci suke tasowa. Likitocin Girka da na Rum suka ɗora a kan haka, suna ganin lafiya ita ce daidaituwar wasu ruwaye huɗu na jiki, in ɗaya ya yi yawa sai a fitar da shi.

Likitocin ƙasashen Musulmi su ne suka yaɗa amfani da ganyen sana, wanda ya fi magungunan zawo na dā sauƙi. Daga gare su Turawa suka karɓe shi har da sunansa, kuma daɗewa ana kai musu shi daga Sudan da Masar ta tashar Iskandariya. Ɗan'uwan wannan tsiro shi ne wanda Hausawa ke kira filasko. Haka kuma zurma, wadda ake tatsar man zawo daga 'ya'yanta, sananniya ce a ƙasar Hausa. Dalziel ya kawo sunayen su biyun a cikin littafinsa na sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa, wanda aka buga a 1916. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu, gama za mu sake haɗuwa da su a asibitocin ƙarni na 20.

A Turai kuma sai aka ƙaro gishiri iri biyu. A wajen 1625 wani Bajamushe masanin haɗa magunguna, Johann Glauber, ya gano gishirin da ake kira da sunansa, watau sodiyam salfet. A 1695 Nehemiah Grew ya yi bayanin gishirin da ake samu daga ruwan wata rijiya a garin Epsom na Ingila. Dukansu biyu hanji ba ya shanye su sosai, saboda haka sai su riƙe ruwa a cikinsa, su sa zawo. Duk cikin wannan dogon zamani ma'aunin nasara ɗaya ne: in mutum ya zaga sau da yawa, ya ji cikinsa ya yi sakayau, to, magani ya ci.

Yadda ido ya kai cikin hanji

Hausawa sun ce gani ya kori ji, likitoci ma sun daɗe suna begen ganin abin da suke ji da hannu kawai. A wajen 1806 Philipp Bozzini na Frankfurt ya ƙera wani bututu mai kyandir da madubi don leƙa kafofin jiki. A 1853 Antonin Desormeaux na Faris ya kyautata shi. A 1895 Howard Kelly na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya bayyana wani miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 30, wanda ake duba dubura da ƙarshen hanji da shi. Tun da ƙarfe ba ya bin kwana, iyakarsa ke nan, kuma don ɗan wannan yanki ɗura ruwa sau ɗaya ko sau biyu ya isa.

A shekarar 1895 ɗin nan ce kuma Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi. Ba a daɗe ba, a farkon ƙarni na 20, aka soma ɗura ruwan bariyam ta dubura don siffar babban hanji ta fito a hoto. Nan ne aka fara bukatar hanji ya zama wankakke tun daga farkonsa har ƙarshe, domin guntun najasa da ya maƙale a bango yakan fito a hoto tamkar tsiro. Masu ɗaukar hoto da masu fiɗa sai suka koma ga kayan da suka gāda, watau man zurma da sana da gishirin zawo da ɗurin ruwa. Kayan dai na dā ne, nufin ne ya sauya: yanzu ana wanki ne don a share wa ido hanya.

Babban canji ya zo da zaren gilashi mai ɗaukar haske ko da an lanƙwasa shi. A 1954 Harold Hopkins da Narinder Kapany suka nuna a London cewa dami na irin wannan zare yana iya ɗaukar hoto daga wannan baki zuwa wancan. A 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a Jami'ar Michigan, ya haɗa na'urar leƙa tumbi da shi, ya kuwa fara gwada ta a kan kansa, ya haɗiye ta. Sa'an nan a 1969, a asibitin Beth Israel na birnin New York, William Wolff da Hiromi Shinya suka soma bin babban hanji da na'ura mai lanƙwasuwa. A cikin shekarar nan kuma Shinya ya fara yanke tsiro da zargen waya mai wutar lantarki, ba tare da an tsaga ciki ba. Daga nan wankin hanji ya zama abin da ran mutum ke iya rataya a kansa, gama tsiron da ba a gani ba ba a cire shi ba.

Wahalar shekarun farko

Shirin da aka fara bi mai tsanani ne. Majiyyaci yakan yi kwana biyu ko uku ba ya cin kome sai romo tatacce da shayi da ruwa, a ba shi man zurma ko sana, sa'an nan da safe a yi ta ɗura masa ruwa har abin da ke fitowa ya yi fari. Mai ƙarfi yakan jure, amma tsoho da mai raunin jiki sukan isa ɗakin bincike a galabaice, ruwan jikinsu ya ƙare.

A 1973 Hewitt da abokan aikinsa a Ingila suka kawo wata dabara don masu jiran fiɗar hanji. Sai a zura siririn bututu ta hanci zuwa tumbi, a kwarara ruwan gishiri mai yawa, wajen lita 10, cikin 'yan sa'o'i, ya ratsa hanji duka ya kwashe abin da ke ciki. Wankin ya yi kyau, kwana uku sun koma yini guda. Illarsa ita ce hanji yana shanye wani kaso na gishirin da ruwan, su shiga jini. Mai lafiya yakan fitar da su ta fitsari, amma mai ciwon zuciya ko na ƙoda sai ruwa ya taru masa, har ya kai ga huhu.

Don kauce wa wannan aka koma ga manitol, wani irin sukari da hanji ba ya shanyewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin babban hanji suna cin manitol, suna fitar da iskar haidirojin, ita kuwa in ta wuce kashi 4 cikin 100 ta gamu da iskar shaƙa, tartsatsi kaɗan ya isa ya tashe ta. A 1979 Bigard da abokan aikinsa a Faransa suka ba da rahoton wani majiyyaci da aka shirya da manitol, hanjinsa ya fashe a lokacin da ake yanke masa tsiro da waya mai wuta, ya rasu. Bayan wannan likitoci da yawa suka bar manitol.

Ruwan 1980

Abin da ake nema a lokacin ya fito fili: ruwan da zai ratsa hanji bai shiga jini ba, bai janyo ruwan jiki ba, kuma ƙwayoyin hanji ba su iya cinsa. Waɗanda suka samo shi su ne Davis da Santa Ana da Morawski da John Fordtran, a asibitin Jami'ar Baylor da ke Dallas, suka bayyana shi a 1980. Fordtran ya shafe shekaru yana auna yadda hanji ke shan gishiri da ruwa, saboda haka ya san cewa sodiyam ya fi shiga jiki in yana tare da kulorayid. Sai suka maye gurbin mafi yawan gishirin abinci da sodiyam salfet, watau gishirin nan na Glauber mai shekara fiye da 350. Suka ƙara wani sinadari mai suna foli'etilin gilaikol, wanda ƙwayarsa ta yi wa bangon hanji girma, kuma ba ya ruɓewa ya ba da iska. Suka daidaita sauran gishirin da na jini. Wannan shi ne ruwan da aka san shi da sunan Golytely.

Da samuwarsa shirin kwana uku ya koma na maraice ɗaya, kuma ya zama wanda aka fi amincewa da shi ga masu ciwon zuciya da ƙoda da hanta. Sai dai yana da nasa nauyin. Adadinsa lita 4 ne, wajen kofi 16, ana shan kofi ɗaya kowane minti 10, ga ɗanɗanon gishiri da bauri. Mutane da yawa sukan kai rabi zuciyarsu ta tashi, su ajiye.

Neman sauƙi da abin da ya haifar

Tarihin shekarun da suka biyo baya tarihin rage yawan abin sha ne. A 1990 Vanner da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa sodiyam fosfet, mililita 45 sau biyu, yana wanke hanji, kuma majiyyata sun fi son sa. Ya yaɗu ƙwarai. Daga baya aka lura yana lalata ƙodar wasu, musamman tsofaffi da masu shan wasu magungunan hawan jini. A 2005 Markowitz da abokan aikinsa a New York suka bayyana mutum 21 da wannan ya same su, 4 daga cikinsu har suka dogara ga wankin ƙoda. A watan Disamba na 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kansa, aka janye wanda ake sayarwa ba da takardar likita ba. Garin neman gira wasu sun rasa ido.

Hanyar da ta fi aminci ita ce haɗa foli'etilin gilaikol da sinadarin askobik, wanda ya rage adadin zuwa lita 2 a 2006, sa'an nan zuwa lita 1 wajen 2017. Har ila yau an gane cewa lokacin sha yana da muhimmanci kamar abin da aka sha. In mutum ya shanye duka da daddare, kafin safiya ruwan ƙaramin hanji da majina sun sake gangarowa sun lulluɓe bangon dama. Maganin wannan shi ne a raba biyu, rabi da maraice, rabi da asuba. A 2014 kwamitin haɗin gwiwar ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka ya ba da shawarar a soma kashi na biyu sa'a 4 zuwa 6 kafin bincike, a gama shi aƙalla sa'a 2 kafin a shiga. An kuma sassauta dokar abinci ga yawancin masu zuwa daga gida, aka yarda su ci mai sauƙi maras dusa da ganye a ranar jajiberi.

Wani ci gaba kuma shi ne na ma'auni. Dā likita yakan rubuta "da kyau" ko "da dama-dama", kowa da abin da yake nufi. A 2009 aka fito da ma'aunin Boston, wanda ya kasa babban hanji kashi uku, dama da tsakiya da hagu, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Wankin da ake karɓa shi ne wanda kowane kashi ya sami aƙalla 2. Da aka sami ma'auni sai aka iya kwatanta asibiti da asibiti, da majiyyaci da majiyyaci.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Hankali zai ba mutum cewa wanda ke kwance a asibiti shi zai fi samun wanki mai kyau, tun da akwai masu lura da shi dare da rana. Bincike ya nuna akasin haka. A 2001 Ness da abokan aikinsa a Amurka suka lissafa abubuwan da ke tafiya tare da rashin kyawun wanki, kwanciya a asibiti kuwa tana cikinsu, tare da taurin bayan gida da shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa da ciwon hanta. A 2019 Garber da abokan aikinsa suka duba bayanan majiyyata fiye da 8,000 da aka kwantar a asibitocin Cleveland, suka tarar wajen rabinsu wankinsu bai gamsar ba, kuma waɗannan sun fi sauran daɗewa a gado da kimanin kwana ɗaya.

Dalilan kashi biyu ne. Na farko yana jikin majiyyacin. Wanda aka kwantar galibi ya fi tsufa, ya fi ciwo. Rashin motsi yana rage tafiyar hanji, haka ma ciwon sukari, haka ma magungunan kashe zafi dangin mofin. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta najasa ta sa ta danƙo. Wani zuciyarsa na tashi tun kafin a kawo masa kofin farko. Wani ba ya iya haɗiya da kyau, ana tsoron ruwan ya bi masa ta huhu. Wanda ake zaton hanjinsa ya toshe ko ya huje kuwa ba a ba shi ruwan sam. Sa'an nan yawancin na asibiti don zubar jini ake duba su, abin gaggawa ne. Tun 1988 Jensen da Machicado suka nuna ana iya wanke irin waɗannan cikin 'yan sa'o'i, in ta kama ta bututun hanci, amma wannan yana bukatar mai tsayawa a kai.

Kashi na biyu yana cikin tsarin aiki, kuma shi ne wanda ake iya gyarawa. Mai zuwa daga gida yana da ranarsa tun makonni, yana da takardar bayani, yana da makewayinsa kusa. Na asibiti sau da yawa da yamma ake yanke shawarar a duba shi gobe. Likitan da ya rubuta umarni daban, wanda zai yi binciken daban. Ma'aikaciyar jiyya da ta kawo ruwan takan tashi aiki kafin a kai rabi, wadda ta karɓe ta ba ta san nawa aka sha ba. Mai rabon abinci yakan kawo tire domin ba wanda ya gaya masa, ko 'yan dubiya su zo da kwano. Rashin sanin sa'ar bincike yana hana a raba shan biyu. Akwai kuma kunya: dattijon da ba ya iya tashi da kansa, in ya ga zai ɓata shimfiɗa a gaban jama'a, sai ya daina sha bai gaya wa kowa ba.

Binciken Cleveland ya nuna abubuwa uku da ke hannun asibiti: magungunan dangin mofin, da cin abinci mai nauyi ranar jajiberi, da jinkirta binciken zuwa bayan azahar. Wani binciken da Fuccio da abokan aikinsa suka yi a asibitocin Italiya da dama, aka buga a 2021, ya sami cewa wankin ya fi kyau inda aka raba shan biyu, da inda likitoci ke zama su tattauna shirin, da inda aka yi wa majiyyaci bayani da baki kuma aka ba shi a rubuce. Hasarar rashin yin haka a bayyane take. Ko dai a fasa binciken a sake shan ruwan daga farko, ga ƙarin kwana da kuɗin gado, ko kuwa a yi shi a haka a wuce tsiro ba a gani ba, wanda shi ya fi muni.

Abin da ya shafe mu

Yau ana yin wannan bincike a manyan asibitocin koyarwa na ƙasarmu, irin su na Kano da na Zariya, kuma da Hausa ake yi wa majiyyata da yawa bayani. Tun da bayani yana cikin abubuwan da ke gyara wankin, kalmar da aka zaɓa tana da nauyi. In aka ce wa Bahaushe "maganin wankin ciki ne", zai fahimce shi da ma'anar da ya gāda daga filasko, wadda ita ce ma'anar Misirawan dā: a sha har ciki ya saki, a ji sakayau, a tsaya. Da wannan fahimta, wanda ya zaga sau uku bayan kofi shida yana da hujjar ajiye sauran, kuma a ganinsa bai saɓa wa likita ba.

Saboda haka muna ganin ya fi kyau a bambanta su a harshe kamar yadda tarihi ya bambanta su. A bar "wankin ciki" ga tsohon magani, a kira wannan "share hanji don dubawa", don nufin ya fito a cikin sunan. A kuma faɗi ma'aunin da kalmomin da kowa ya sani: a shanye duk abin da aka bayar, kuma ba a gama ba sai abin da ke fita ya zama ruwa garau, mai ɗan rawaya kamar fitsari, babu gudaji. A faɗa wa mai jiyya kamar yadda aka faɗa wa majiyyaci, gama shi ne ke riƙe da kofin, shi ne kuma zai mayar da kwanon 'yan dubiya. Muna fata malaman kwalejojin horon malamai, da masu fassara darussan kiwon lafiya, da masu tsara ƙamus na kalmomin likitanci, za su duba wannan shawara, su gwada ta a kan masu jin Hausa na karkara da na birni, su gyara inda ta gaza.